Yadda Tsohon Bashi Ke Bin Mutum a Rahoton Tarihin Rance

Akwai wata magana da ma'aikacin banki kan faɗa wa mai neman rance wadda ke sa gwiwarsa ta yi sanyi nan take: "Alhaji, mun duba, akwai bashi a kan BVN ɗinka." Sau da yawa mutumin yakan rantse cewa babu bankin da ke binsa ko sisi, kuma har zuciyarsa haka ya ɗauka, domin bashin da ake magana a kai ya shekara biyar ko bakwai, an daina kiransa a waya tuntuni, wataƙila ma bankin da ya ba shi kuɗin ya canza suna ko an rufe shi. Shirun da aka yi masa shi ya fassara da yafiya. Wannan fassara ita ce tushen mafi yawan rikicin da ake yi a kan tsohon bashi, kuma ba za a warware ta ba sai an gane cewa bashi guda ɗaya yana rayuwa ne a wurare uku daban-daban: a littafin bankin da ya bayar, a gaban kotu, da kuma a rahoton tarihin rance. Kowane wuri da agogonsa da ƙa'idarsa, kuma mutuwar bashi a ɗaya ba ta kashe shi a sauran biyun.

A Najeriya kamfanoni uku ne Babban Bankin Ƙasa ya ba lasisin tattara tarihin masu cin bashi: CRC Credit Bureau, da FirstCentral wanda a da ake kira XDS, da CreditRegistry. Sun shafe shekaru suna aiki ƙarƙashin ƙa'idojin da Babban Bankin ya fitar a 2008, kafin a samu cikakkiyar dokar rahoton bashi wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun 2017 lokacin da yake muƙaddashin shugaban ƙasa. Ban da su, Babban Bankin yana da nasa rumbun bayanan da ake kira CRMS, inda bankuna ke shigar da rancen da suka bayar. Waɗannan kamfanoni ba su ba kowa bashi, ba su kuma yanke hukuncin wanda za a ba ko a hana. Aikinsu shi ne karɓar abin da masu ba da rance suka aiko musu, galibi wata-wata, su jera shi ƙarƙashin sunan mutum, sannan su miƙa wa wanda doka ta yarda ya nema. An kuma wajabta wa bankuna duba rahoto daga aƙalla biyu cikin ukun kafin su amince da sabon rance. Abin da ya ɗaure wannan tsari tamau shi ne lambar BVN mai alƙaluma 11 da aka ƙaddamar a Fabrairun 2014. Kafin zuwanta, mutum kan ci bashi a wani banki da suna ɗaya, ya buɗe asusu a wani da ɗan bambancin rubutun suna, ba wanda zai haɗa su. Yanzu yatsun hannu ne shaida, su kuwa ba a canza su.

Don a ga yadda bashi ke sauya kama a takarda, mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya karɓi rancen naira 500,000 a farkon 2019, ya biya kashi uku ko huɗu a kan kari, sannan kasuwa ta juya masa baya ya daina biya. A watan farko rahotonsa zai nuna cewa asusun yana nan a buɗe, amma an makara da kwana 30, ga kuma adadin da ya wuce wa'adi. Wata na biyu ya koma 60. Har zuwa nan bankin yana lissafa rancen cikin masu rai, duk da cewa an sa masa ido. Kwana 90 ita ce iyakar da komai ke canzawa. Bisa ƙa'idojin Babban Bankin na 2010, rancen da aka wuce kwana 90 ba a biya uwar kuɗi ko kuɗin ruwansa ba ya fita daga sahun masu aiki, kuma yana gangarowa mataki uku: daga kwana 90 zuwa 180 ana kiransa mai rauni, daga 180 zuwa 360 mai shakku, abin da ya haura 360 kuwa ɓatacce. A kowane mataki doka ta tilasta wa bankin ware wani kaso na kuɗinsa don toshe asarar da ake hange, kashi 10 cikin 100 na rancen a na farko, 50 a na biyu, sannan 100 gaba ɗaya a na ƙarshe. Ƙananan bankuna suna da nasu ma'aunin wanda ya fi wannan gajeren zango, amma gangaren iri ɗaya ne.

Kalmar "ɓatacce" ita ce ke yaudarar mutane, ita da matakin da ke biye mata, wato cire bashin daga babban littafin banki. Idan banki ya ware cikakken kuɗin toshe asara kuma hukumar daraktocinsa ta amince, yakan cire rancen daga jerin kadarorinsa, saboda bai dace ya riƙa nuna wa masu hannun jari da hukuma cewa yana da dukiyar da a zahiri ba ta shigowa ba. Wannan gyaran lissafi ne tsakanin banki da masu sa masa ido, kuma wanda ya ci bashin ba ya cikin maganar ko kaɗan. Bashin yana komawa wani littafi na gefe, sashen karɓo basussuka ya ci gaba da bibiya, duk abin da aka samo daga baya kuma ya shiga a matsayin riba. Don haka idan ɗan kasuwarmu ya ji daga bakin wani ma'aikaci cewa "ai an rufe wannan fayil ɗin", abin da aka rufe shafin banki ne. A rahotonsa kuwa za a rubuta cewa an cire bashin a matsayin asara, ga kuma ragowar da ake binsa. A idon duk mai ba da rance, babu tambarin da ya fi wannan muni, domin yana cewa ne a sarari: wani ya ba wannan mutum kuɗi har ya fid da rai.

Wani abin da ke rikita mai karanta rahotonsa karon farko shi ne adadin. Ya san naira 350,000 ta rage lokacin da ya daina biya, sai ya ga an rubuta abin da ya kusa ninka haka. Dalili shi ne kuɗin ruwa da tarar makara ba su tsaya ranar da ya tsaya ba, sun ci gaba da hawa bisa yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Haka nan yana iya ganin sunan bankin da bai taɓa shiga ba. Wanda ya ci bashin Diamond zai ga Access, domin sun haɗe a 2019. Wanda ya ci na Skye zai ga Polaris, wanda ya gaje shi a 2018. Manyan basussukan da suka lalace bayan rikicin bankuna na 2009 da yawansu AMCON, hukumar gwamnati mai sayen basussukan da suka lalace, ce ta saye su bayan kafa ta a 2010, ta zama ita ce mai bin bashin. Ko rushewar banki ɗungurungum ba ta 'yantar da kowa: da aka soke lasisin Heritage a Yunin 2024, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ce ta karɓi aikin tattara abin da ake bin mutane domin a biya masu ajiya. Bashi kadara ce da ake gada, a sayar, a miƙa daga hannu zuwa hannu, kuma a kowane hannu yana tafe da sunan wanda ya ci.

A nan ne kuma ake samun kurakurai na gaske, waɗanda ya kamata mai rahoto ya buɗe ido a kansu. Idan bashi ya sauya hannu, tsohon mai shi ya kamata ya nuna cewa ragowarsa sifili ce, sabon ya ɗauki adadin. Wani lokaci duka biyun sukan bar adadin a tsaye, sai bashi ɗaya ya fito kamar biyu. Akwai kuma wanda ya biya tsaf amma ba a aika da sabon bayani ba, da wanda 'yan kuɗin kula da asusu suka taru a tsohon asusun albashin da ya watsar har suka zama bashi a kansa, da wanda wani ya yi amfani da bayanansa ya karɓi rance a manhajar waya. Sai kuma mai tsaya wa wani. Mutane da yawa suna sa hannu a takardar lamunin ɗan'uwa ko abokin aiki don kunya, suna ganin alfarma ce ta minti biyar, alhali wannan sa hannu yana shiga rahotonsu, kuma ranar da mai bashin ya gaza, su za a juyo wa.

To, shekara nawa tsohon bashi ke yi kafin ya sauka daga rahoto? Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma ita ce aka fi samun gurguwar amsa a kanta, saboda yawancin bayanin da ke yawo a intanet na Amurka ne. A can, dokar 1970 ta sa wa kamfanonin Equifax da Experian da TransUnion iyaka: mummunan bayani irin wannan ba ya wuce kimanin shekara bakwai, kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da mutum ya fara makarar da bai sake farfaɗowa daga gare ta ba. Sayar da bashin ga kamfanin karɓo basussuka ba ya sabunta wannan rana, biyan wani ɓangare ma ba ya sabunta ta, kuma duk mai bin bashin da ya matsar da ita gaba don bayanin ya daɗe ya karya doka. A Ingila shekara shida ce daga ranar da aka rubuta cewa mutum ya gaza, ko ya biya daga baya ko bai biya ba. Duka ƙasashen biyu sun ɗauki matsayin cewa tuntuɓen kuɗi yana da ranar ƙarewa a takarda.

Dokar Najeriya ta 2017 ta bi wata hanya dabam, kuma bambancin yana da girma. Abin da ta ce shi ne kamfanin tattara bayanai zai riƙe bayanin bashi na tsawon lokacin da bai gaza shekara shida ba, sannan ya adana shi a ma'ajiya na ƙarin shekara goma kafin ya iya shafe shi. A lura da lafazin: mafi ƙarancin lokaci ta faɗa, ba mafi yawa ba. Sannan ba daga ranar da mutum ya fara makara ake ƙirgawa ba, daga ranar da aka kawo bayanin ne, ko ranar ƙarshe da aka miƙa shi ga mai nema idan ita ce ta zo daga baya. Tunda mai bin bashi yana iya ci gaba da aiko da bayanin asusun muddin akwai ragowa, bashin da ba a biya ba kusan ba shi da ranar sauka da kansa. Wanda ya zauna yana jiran shekara bakwai ta cika saboda ya karanta haka a wani shafi, agogon wata ƙasa yake kallo. A ganina wannan gurbi ne da ya kamata majalisa ta sake dubawa. Daidai ne a san mai taurin bashi, amma dokar da ba ta bambanta wanda ya handame biliyoyi ya ƙi biya da matar da gobarar kasuwa ta cinye jarinta a kan naira 80,000 ba, ba ta kuma sa ranar da tabon zai goge ba, tana korar ƙananan mutane ne daga banki zuwa hannun masu ba da bashi da ruwa mai kisa.

Agogo na uku shi ne na kotu. Dokokin ƙayyade lokacin shigar da ƙara sun ba mai bin bashin yarjejeniya ta yau da kullum wa'adi, shekara shida a Legas, biyar a wasu jihohi, wanda idan ya wuce ba tare da ya kai ƙara ba, wanda ake bi yana iya kare kansa da cewa lokaci ya ƙure. Abu biyu ne ake mantawa a nan. Na farko, ƙurewar lokaci tana toshe ƙofar kotu ne kawai, bashin kansa yana nan, kuma ba ta tilasta wa kowa cire shi daga rahoto. Na biyu, wannan agogon yana komawa farko idan mutum ya biya wani abu daga cikin bashin ko ya amsa shi a rubuce. Shi ya sa masu karɓo tsofaffin basussuka kan lallaɓa su ce "ko dubu biyar ce ka turo, a ga alamar kana da niyya". Ba ina cewa a ƙi biya ba ne. Ga Musulmi ma maganar ƙurewar lokaci ba ta sauke nauyi, tunda bashi yana nan a wuya har bayan rai, kuma sai an fitar da shi daga dukiyar mamaci kafin a raba gado. Abin da nake cewa shi ne mutum ya san abin da biyan nan ke jawowa, ya yi shi cikin yarjejeniya rubutacciya maimakon ya tura kuɗi saboda an matsa masa a waya. Ya kamata a ƙara da cewa bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna ƙarƙashin Babban Banki ɗaya da sauran, don haka kuɗin kayan da aka saya wa mutum ta murabaha ya kasa biya shi ma yana shiga rahoto.

Tun 1 ga Agustan 2020 kuma an ƙara wa tsohon bashi haƙora. Tsarin GSI ya ba bankin da ke bin mutum damar cire abin da ake binsa daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗinsa a wasu bankuna, bisa izinin da ya sa wa hannu lokacin karɓar rancen, ba sai an je kotu ba. Ƙa'idar ta taƙaita abin da za a cire ga uwar kuɗi da ruwan da ya taru, ban da tarar makara, kuma wannan wuri ne da ya dace duk wanda aka zare wa kuɗi ya bincika ya ga ko an tsaya a kan iyaka.

Babu inda wannan ya fi taɓa mutanenmu kamar rancen gwamnati. Shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, kaso mai yawa ga manoman shinkafa da masara da auduga na Arewa. A 2020 kuma aka fito da rancen rage raɗaɗin korona ta bankin NIRSAL, wanda aka fara da naira biliyan 50. A ƙauyuka da unguwanni da yawa ba a kira waɗannan kuɗaɗe bashi ba, "tallafi" aka ce, wasu ma suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa. Laifin ba na talaka kaɗai ba ne: 'yan siyasa da dillalan da suka cika wa mutane fom suna karɓar kasonsu ba su damu su bayyana cewa akwai ranar biya ba, wasu manoman kuma ambaliya da 'yan bindiga ne suka raba su da amfanin gonar da za su biya da shi. Amma kwamfuta ba ta san wannan labari ba. Abin da ta sani shi ne lambar BVN, da adadi, da yawan kwanakin makara. Shekaru bayan haka mutum ya sayar da buhunansa, kuɗi su shiga asusu, ya wayi gari an kwashe. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai a da mutum da mai binsa ne kawai suka san da shi. Yanzu da gwamnati ke faɗaɗa sayen kaya a kan bashi ta hukumar CREDICORP da rancen ɗalibai ta NELFUND, dukansu tun 2024, yawan mutanen da wannan takarda za ta yi wa magana ƙaruwa zai yi.

Biyan tsohon bashi ba ya shafe tarihinsa, kuma gara a san haka tun kafin a biya don kada a ji an yi zamba. Abin da ke canzawa shi ne matsayin asusun: ragowa ta koma sifili, a rubuta an biya an rufe, amma watannin makara suna nan a jere. Duk da haka tazarar da ke tsakanin "ya makara amma ya biya" da "har yanzu ana binsa" babba ce ƙwarai ga jami'in da ke duba takarda, kuma makin cancantar rance da ake ba mutum, wanda a CRC yake tsakanin 300 da 850, yana farfaɗowa sannu a hankali yayin da sabon tarihi mai kyau ke taruwa a kan tsohon. Bankuna kan yarda su yafe wani ɓangare na ruwa da tara a kan bashin da suka riga suka fid da rai da shi, domin a wurinsu ko nawa ya shigo riba ce. Sai dai duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi zai "wanke" BVN, ɗan damfara ne. Kamfanin tattara bayanai ba ya canza abin da ke rubuce sai mai ba da rancen ya aiko da gyara, ko bincike ya tabbatar da kuskure.

Dokar 2017 ta ba kowane mutum haƙƙin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma ya fi kyau a nema daga duka kamfanoni ukun, saboda ba kowane mai ba da rance ne ke aika wa dukansu bayani ba, musamman manhajojin waya, don haka bashi na iya fitowa a ɗaya ya ɓace a biyu. Idan an ga kuskure, a rubuta ƙorafi zuwa ga kamfanin da kuma bankin da ya kawo bayanin, a haɗa da shaidar biya. Doka ta ba su kwanakin aiki 10 su warware, idan suka gaza sai a kai maganar Babban Banki, wanda ke da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa, daga nan kuma ƙofar kotu a buɗe take. Idan kuwa bashin na gaskiya ne kuma an daidaita a kan ragi, kada a biya ko kwabo sai an karɓi takarda mai hatimin banki da ke faɗin adadin da aka amince da shi, da cewa biyansa ya rufe asusun baki ɗaya. A biya ta asusun bankin kai tsaye, ba hannun ma'aikaci ko wakili ba. Bayan an biya a nemi takardar shaidar cewa ba a bin mutum komai, a adana ta tare da rasit, sannan a bar wata ɗaya ko biyu su wuce a sake ciro rahoton daga kamfanonin uku a tabbatar gyaran ya isa kowannensu.